Hasana Biyu a Littafin Malama Hansai

Ranar Litinin ɗin da aka buɗe semesta, Malama Hansai Abdulmalik ta shiga ajin 'yan shekarar ƙarshe na injiniyan kwamfuta kamar yadda ta saba shiga aji shekara talatin da ɗaya: jaka a kafaɗar hagu, alli a cikin tsohon gwangwanin madara, gwiwa tana yi mata mitar hawan bene. Saura mata wata bakwai ta yi ritaya, kuma ba abin da take roƙon Allah irin watannin su wuce lami lafiya, kada wani ya kira ta zaman kwamiti. Ta ajiye jakar, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta ɗaga kai ta ga irin fuskokin da aka kawo mata bana. Can a layin baya, jikin tagar nan da ba ta rufuwa, sai ta hangi fuskar da ba ta da abin yi a ajin.

"Hasana? Ke Hasana ta Mando, me ya kawo ki nan?"

Yarinyar ta miƙe, kanta a ƙasa. "Maimaitawa nake yi, Malama."

"Maimaita me?"

"Kwas ɗinki. Na faɗi bara."

Malama ta tsaya riƙe da alli. Da wani ne ya faɗi haka, da ta ce masa Allah ya kiyaye gaba ta juya ga allo, don ta kayar da ɗalibai ba adadi a rayuwarta kuma ba ta taɓa fasa cin tuwo saboda su ba. Amma Hasana Yahaya ta Mando ita ce mafi iya aiki da ta gani cikin shekara goma. Yarinyar da take zaton tana can wata jiha tana bautar ƙasa da digiri mai daraja ta ɗaya, ga ta nan a layin baya da sabon littafin rubutu. Malama ta ce mata ta zauna. Ta yi lakcar ranar har ƙarshe, amma ko ita kanta ba ta san me ta faɗa ba.

Wanda bai san Malama Hansai ba zai ce ai kowa na kuskure, mene ne abin tashin hankali? Sai ka san inda ta fito tukuna.

A Badarawa aka haife ta, tun unguwar tana da gonaki a bayanta, a gidan Malam Abdulmalik mai makarantar allo. Mahaifin nata bai taɓa rubuta sunan ɗalibi a takarda ba. Yara fiye da ɗari ke karatu a zaurensa, kuma ya san kowa da sunansa, da sunan ubansa, da garinsu, da ayar da ya tsaya a kai jiya. Idan suna ya haɗu sai ya raba da gari: Husaini na Soba, Husaini na Kudan, Husaini na bayan masallaci. Da wani jami'in ilimi ya zo ya ce a ba kowane yaro lamba, Malam ya dube shi ya ce yaran mutane ne aka kawo masa, ba buhunan masara ba. Jami'in bai sake dawowa ba.

Shigar Hansai boko ma ba don Malam yana so ba ne. Mai unguwa ne ya matsa lallai kowane gida ya ba da yaro ɗaya, Malam ya duba 'ya'yansa ya ba da wadda ta fi damunsa da tambaya, ko ya samu sararin yin wuridi da safe. Ashe kan yarinyar na lissafi ne. Ta je Zariya ta karanta lissafi, daga nan ta faɗa harkar kwamfuta tun lokacin da ake cire takalmi kafin a shiga ɗakin da aka ajiye ta. Ta dawo Kaduna ta kama koyarwa, farko a kwalejin fasaha, daga baya a jami'a. Digiri na uku kuwa bai samu ba. Ina lokacin yake? Yara biyar, miji mai ciwon suga, aji mai mutum ɗari da hamsin. Ɗalibanta suka tafi suka dawo Dakta, wasu Farfesa, ita tana nan Malama. Mijin, Malam Bilal na ma'aikatar filaye, ya rasu shekara takwas da suka wuce, yaran duk sun kama gabansu. Ita kaɗai take kwana a sashenta na gidan mahaifinta, kullum safiya ta hau keke napep biyu da bas ɗaya ta tafi aiki.

Abin da take koyarwa shi ne yadda ake tsara bayanai a kwamfuta cikin tebura masu alaƙa da juna, teburin ɗalibai daban, na kwasa-kwasai daban, na maki daban, sai kuma yaren da ake yi wa teburan tambaya da shi, wanda ake kira SQL. Lakcarta ta farko ba ta canzawa, har tsofaffin ɗalibai sukan kwaikwaye ta a wurin biki. Sai ta ce duk mai Muhammad a cikin sunansa ya miƙe. Kashi ɗaya cikin uku na ajin ya tashi. Ta ce duk wanda takardarsa ta ce ran ɗaya ga Janairu aka haife shi ya miƙe. Wasu ashirin su tashi suna dariya.

"To kun gani da idonku," in ji ta. "Suna ba ya raba mutum da mutum. Ranar haihuwa ma haka, balle wadda aka je kotu aka rantse a kai. Kowane layi a tebur sai da makullinsa, wato lambar da ba mai irinta a duk teburin. Duk wanda ya yi mini makulli da suna, ni da shi ne."

Kuma ita da shi ɗin ne. Ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kan wannan, shi ya sa a bayan idonta Malama Makulli suke ce mata. Ta san da sunan, kuma a ranta daɗinsa take ji.

Sai dai akwai wani littafi mai baƙin bango a cikin jakarta, wanda take rubuta makin gwajin aiki a ciki. A wannan littafin babu lamba ko ɗaya. Ɗiyar Malam Abdulmalik ba ta iya duban ɗan mutane ta kira shi sifili-huɗu-ɗaya. Ta san kowa da fuskarsa, da inda yake zama, da irin kuskuren da ya saba yi, kuma idan suna ya haɗu sai ta raba da unguwa kamar yadda ta ga ana yi a zaure. Bara Hasana Yahaya biyu ne a ajin, kowace 'yar tagwaye ce a gidansu, kowace sunan mahaifinta Yahaya. Sai ta rubuta Hasana ta Mando, ta rubuta Hasana ta Doka. Shekara da shekaru tana haka, kanta bai taɓa ba ta kunya ba.

Gwajin aikin nan maki arba'in ne, kuma shi ne wahalarta. Ɗakin kwamfutocin sashen yana da inji arba'in, ranar da aka buɗe shi har da yanka kirtani da masu ɗaukar hoto. Yanzu goma sha ɗaya ke kamawa in akwai wuta, wutar kuwa sai ta ga dama, janareta kuma tun wata shekara yake jiran mai. Don haka Malama laftof ɗinta take kawowa, tsohuwa mai batirin da ba ya wuce awa ɗaya da rabi, ta ɗora a tebur, ɗalibai su yi layi kowa ya samu minti biyar ya taɓa da hannunsa. Sauran maki sittin jarrabawar takarda ce, inda ɗalibi zai rubuta tambayar SQL da biro, ita kuma Malama ta zama kwamfutar, ta bi layi-layi da ido tana neman inda waƙafi ya ɓace. Takardu ɗari da hamsin duk semesta. Idanun nata a can suka ƙare.

Hasana ta Mando, ɗiyar wani tsohon makanike a sansanin sojan sama, 'yar hannu ce. Ta zauna gaban laftof sai ka ji maɓallai suna ƙara kamar ana tsince shinkafa a faranti, kafin minti biyar ta haɗa tebur uku ta fito da amsa, har ta nuna wa na bayanta. Amma a takarda sanyi gare ta, ba ta iya haddar ma'anoni, rubutunta kuma a hankali yake tafiya. Hasana ta Doka kuwa akasin haka: ta haddace littafi har da lambar shafi, amma gaban inji sai jikinta ya mutu. Sau biyu kacal ta zo layin laftof a duk semestar.

Ana tashi daga aji Malama ta nufi ofis, ta kulle ƙofa, ta fito da baƙin littafin. Hasana ta Mando, talatin da shida. Hasana ta Doka, takwas. Ta jawo kwafin sakamakon bara wanda majalisar jami'a ta amince da shi. Mai lambar da ta ƙare da 041 tana da takwas a gwaji, talatin a jarrabawa, jimilla talatin da takwas, ta faɗi. Mai 047 tana da talatin da shida a gwaji, ashirin da tara a jarrabawa, jimilla sittin da biyar, ta wuce. Malama ta ɗauko takardar rajistar maimaici da ke cikin tulin takardun bana. Lambar Hasana ta Mando da 041 ta ƙare.

Ba ta buƙaci kowa ya tuna mata ranar ba. Alhamis ce, ƙarfe huɗu za a rufe shafin shigar da maki, wuta ba ta zo ba sai uku da minti goma. Tana bugawa shafin yana jan ƙafa, har ta iso layi biyu a jere, duka Yahaya Hasana. Ta tsaya. Wannan tsayawar ce ta fi ƙona mata rai yanzu, don ta san ta tsaya. Ta duba littafinta, babu lamba. Sai ta ce a ranta ai ta Doka ce za ta fara yin rajista tunda gidansu ya fi kusa, lambarta ce za ta zama ƙarama. Ka ji hujjar malamar lissafi! Ta buga, da niyyar in ta gama ta koma ta tabbatar. Aka kira la'asar, wuta ta ɗauke, washegari aka yi rasuwa a maƙwabta, niyyar ta bi ruwa.

Ta zauna ta dafe kai. Kunya ce ta fara kama ta, tun kafin tausayi ya zo, kuma ta lura da hakan, abin ya ƙara mata kunya.

Da rana ta ɗauki littafin da takardun ta tafi wurin shugaban sashe, Dakta Jamaluddeen. Ɗalibinta ne a da, ta taɓa sa shi ya sake zana tebur ɗaya sau uku, har yau kuma ba ya zama in tana tsaye. Ya duba littafin, ya duba sakamakon, ya tashi ya tura ƙofa.

"Malama, waye ya san da wannan?"

"Ni da kai, sai Allah."

"To don Allah ki rufa mana asiri, ki rufa wa kanki. Majalisa ta riga ta sa hannu. Ɗayar yarinyar wata biyar ke nan tana bautar ƙasa. Kina rubuta takarda, za a janye digirinta, a dawo da ita aji, a kafa kwamiti, a zaunar da ke gaban yaran da kika koyar suna yi miki tambayoyi. Fayil ɗinki shekara talatin da ɗaya ko ɗigon jan biro babu. Wata bakwai fa ya rage miki, Malama."

"Ita kuma ta Mando fa, Jamalu?"

"Shekarar ai ta riga ta tafi, ba mai dawo da ita. Wata huɗu ne kawai, ta rubuta, ki ba ta abin da ta ci. Na san A za ta ci."

"Faɗuwar kuma?"

Ya sosa ƙeya. "Tana nan a takardarta."

"Darajar digirin?"

"Za ta sauko ta biyu. Malama, mutum nawa ke cin abinci da daraja ta biyu a garin nan? Ni kaina da ita na fita."

Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, ta san wannan. Tausayinta yake ji, yana kuma tsoron kwamiti kamar kowane shugaban sashe mai hankali. Gaskiyar magana kuma, maganar tasa ta yi mata daɗi a kunne. Ta gaji. Ta gaji da bene, ta gaji da bas, ta gaji da batirin laftof, ta gaji da zama gaban mutanen da ke karanta doka daga takarda. Tana son ta fita daga wannan wuri a yi mata 'yar walima, a ba ta agogon bango da sunanta a jiki, ta koma Badarawa ta miƙe ƙafa. Ta ce masa za ta yi tunani, ta maida littafin jaka.

Mako biyu tana tunanin. Litinin da Laraba ta shiga aji, ta koyar da yadda ake haɗa tebur da tebur, ba ta duban layin baya. Amma ido ba ya jin magana. Ta lura Hasana ba ta ɗaga hannu, ko a tambayar da bara ita ce ta warware wa aji. Tana rubuta duk abin da aka faɗa, har da tarin Malama in da ana rubutawa, irin rubutun ɗalibin da ya yanke shawarar hadda ce mafita. Ranar gwajin farko aka yi layin laftof, Malama tana kira ɗaya bayan ɗaya, har ta iso kan Hasana. Hasana ta zo ta zauna, ta ɗora hannuwanta a cinya, ta zuba wa allon ido. Minti ɗaya, minti biyu.

"Bismillah mana, batir yana tafiya."

"Malama, a ba wani lokacin nawa," ta ce a hankali. "Ni zan karanta a takarda. Kada in ɓata miki."

Ta tashi ta koma wurinta. Malama Hansai ta bi ta da kallo, sannan ta kira suna na gaba. A cikin bas ranar ta wuce inda take sauka, sai da ta taka da ƙafa ta dawo, gwiwar tana zaginta.

Ranar Asabar bayan la'asar ta sa mayafinta mai kyau ta tafi Doka. Ta ga bai dace yarinya ta ji irin wannan labari daga takardar ofis ba. Hasana ta Doka an dawo da ita Kaduna, a nan take bautar ƙasar, a gidan iyayenta take. Mahaifinta, Alhaji Yahaya, tsohon mataimakin darakta ne a wata ma'aikata, mutum mai fara'a da son baƙi. Da ya ji malamar jami'a ce da kanta ta tako, sai da ya canza riga. Aka shigar da ita falo, aka kawo kunun aya mai sanyi da cincin. Saman talabijin ga hoton Hasana cikin rigar kammala karatu, an yi masa firam mai ruwan zinariya.

"Hajiya Malama, yau gidan nan ya yi albarka," in ji Alhaji. "Kin gan ta nan, ita ce injiniya ta farko a zuri'armu, maza da mata. Kullum ina gaya mata, ba wayonki ba ne, malamai ne. Allah ya saka muku, ya sa ku gama lafiya."

Malama ta ce amin. Ta kurɓi kunun, ta ajiye kofin. Hasana tana zaune a ƙasa gefen kujera. Aka yi hirar zafi, aka yi ta tsadar mota, aka yi ta yaran zamani, Malama ba ta iya buɗe bakin abin da ya kawo ta ba a gaban wannan hoto. Ta ce wucewa take yi ta biyo a gaisa. Alhaji ya ce wa 'yarsa ta raka Malama bakin titi.

Sun fita ƙofar gida, sun wuce shagon mai ɗinki, Malama tana haɗa kalmomi a ranta, sai yarinyar ta riga ta.

"Malama, makin nan ne ko?"

Malama ta tsaya cak.

"Sau biyu na zo laftof, duka biyun ban yi komai ba. Ranar da aka kafe sakamako na ga sittin da biyar, na san ba nawa ba ne. Na yi ta jiran a kira ni. Sati ɗaya, wata ɗaya, shiru. Sai na ce ƙila tausayina kika ji."

"Kin taɓa jin na ji tausayin wani a maki?"

"A'a, Malama."

"Kin san na wace ce?"

Hasana ta dubi takalminta. "Na sani. Muna gaisawa a waya har watan azumi. Daga nan na daina ɗauka."

Fushi ya taso wa Malama, har ta buɗe baki. Sai ta tuna ita ma mako biyu ke nan ta sani, tana shiga aji tana kau da kai, kuma ita shekarunta sittin da huɗu, ba ashirin da uku ba. Ta rufe bakin. Ta gaya mata ranar Litinin za ta miƙa takarda, ta gaya mata abin da zai biyo baya, ba ta rage komai ba. Yarinyar ta yi kuka maras sauti, tana share ido da hijabi kada mai ɗinki ya gani.

"Ki bar ni in faɗa wa Baba da kaina," ta ce. "Kada ya ji a waje."

Malama ta ce to. Keke ya tsaya, ta hau.

Abin da ya biyo baya ba wani abin mamaki a ciki. Kwamiti ya zauna sau biyar cikin wata huɗu, sau biyu ba a cika ba aka ɗage. Biyu daga cikin masu yi mata tambaya ta koyar da su, ɗaya ma bai iya haɗa ido da ita ba. Aka karɓi baƙin littafin a matsayin shaida, ba a dawo mata da shi ba. Aka gyara makin Hasana ta Mando, aka janye sakamakon ta Doka, ta bar bautar ƙasa ta dawo jiran kwas ɗin. Alhaji Yahaya bai zo ya yi faɗa ba, bai kuma ƙara aiko da gaisuwa ba. Ita Malama aka saka mata takardar gargaɗi a fayil, saura mata wata biyu da 'yan kwanaki. Walimar an yi, an ba ta agogon, masu jawabi suka yi ta kewaye-kewaye. Duk wannan ta ɗauke shi kamar yadda take ɗaukar ciwon gwiwa.

Abin da ya zauna mata a rai, wanda har yau in ta tuna sai ta ajiye abin da ke hannunta, a ranar Litinin ɗin nan ya faru, awa ɗaya bayan ta miƙa takardar a ofishin Dakta Jamaluddeen. Ta aika aka kira mata Hasana ta Mando. Yarinyar ta shigo ta durƙusa, Malama ta ce ta hau kujera. Ta buɗe mata littafin, ta ajiye sakamakon a gefe, ta nuna mata layi biyun da yatsa. Ta gaya mata komai, har da tsayawar da ta yi ranar Alhamis, har da mako biyun da ta yi shiru.

"Ba ki faɗi ba, Hasana. Sittin da shida kika ci. Ni ce na ba wata makinki. Ki yafe ni don girman Allah."

Ta zaci kuka, ko murna, ko ma baƙar magana, kuma ta shirya wa kowanne. Hasana ta daɗe tana duban littafin. Sannan ta fara magana, muryarta ba hawa ba sauka.

"Inda na yi aikin koyon sana'a, masu haɗa wa ƙananan asibitoci rumbun bayanai, sun ce in na gama in dawo, sun ajiye mini wuri. Da na ga sakamakon sai na je da kaina na ce su ba wani. Ogan ya ce shi ba ruwansa da takarda, ya ga aikina. Na ce masa a'a, wadda ta fi shi sani ta duba ta ce ban iya ba, kada in je in ɓata bayanan marasa lafiya. Baba ya ce in zo in tambaye ki ko an yi kuskure. Na ce masa, Baba, ba ka san ta ba ne, Malama Hansai ba ta kuskure a tebur." Ta ɗaga kai daga littafin. "Laftof ɗina ma na ba ƙanwata. Wata bakwai ban taɓa ba."

Malama ta so ta ce za a gyara komai. Ta tuna takarda kawai kwamiti ke gyarawa, sai ta fasa.

"Na yafe, Malama, wallahi na yafe," in ji Hasana. Ta miƙe, ta kai ƙofa, ta kama mariƙin, sai ta juyo. Ba gatse a fuskarta, tsoro ne zalla.

"Amma Malama, kin tabbata? Kada in je in faɗa wa Baba, a zo a ce ba haka ba ne. Ko za ki sake dubawa?"

Shekara talatin da ɗaya ba ɗalibin da ya taɓa tambayar Malama Hansai ko ta tabbata. Ta gyara tabarau, ta jawo wa yarinyar kujera kusa da tata, ta ɗora yatsa a layin farko, suka sake dubawa tare.